Bokitin Yashin da Ka Bari a Zaure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Rabe, a Sabuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da masu masaukinka. Allah Ya tsare ka a sabon wuri, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka shiga rumfarka da ƙafar dama. Mutan gida duk suna gaishe ka. Labarinsu ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba, in ka zo ka ji da kunnenka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kayan da direba ya miƙo maka tare da takardar. Ka manta bokitinka. Haka dai na ce wa mahaifiyarka da ta gan shi a bayan ƙyauren zaure, motarku ko fita gari ba ta yi ba. Amma ni da kai mun san ba mantuwa ba ce. Mutumin da ya tuna da rediyo da turare da tabarau ba ya manta jan bokiti. Kunya ka ji, kada a ce ga sabon makanike mai wando mai faɗin ƙafa ya shiga mota rungume da bokitin yashi, samari su ce ɗan Mai-yashi ya tafi Sabuwa da gadonsa. Ban yi fushi ba, dariya ma na yi. Sai dai akwai alkawari a kan bokitin nan, tsakanina da mahaifiyarka, kuma hannuwanka ne a cikin alkawarin. Na ce mata zan koya maka gyaran inji in maido mata kai ba tabon wuta, ba yatsan da ya ragu. Don haka zauna ka karanta har ƙarshe, ko da akwai mai babur yana jiranka.

Ka san da gyaran keke na fara. Keke ba ya cizo. In ka yi kuskure, iyaka ka ɓata faci ka sake. Da kuɗi suka shigo ƙasar nan, aka wayi gari malamin makaranta ya sayi babur, mai auduga ya sayi injin niƙa, mai fadama ya sayi injin ban-ruwa, wanda ya dawo daga Makka ya sayo injin wuta, sai duk suka nufo rumfata, don ni ke da sifana a Ƙanƙara. Ba wanda ya koya mini. Injunan suka koya mini, kuma ba su da haƙurin malami. Kurakuraina ba asiri ba ne, har yau ana ba da labarinsu a majalisa ana dariya. Kai ma ka sha jin su. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda kowannensu ya dawo gida ya sami mahaifiyarka.

Na farko a Yankara ne, ranar kasuwa. Ɗaurin aure na je, cikin sabuwar babbar riga wadda ko wanki ba ta taɓa gani ba. Alhaji Barau mai injin niƙa ya tare ni a hanya, ya ce, "Malam Isiyaku, dubawa kawai za ka yi. Bel ɗin ne shina ta kuka, mata sun jeru da kwanoni." To ka san ni da son a ce na iya. Na naɗe riga a kafaɗa, na sunkuya, inji yana tafiya, na kai hannu in taɓa bel in ji ko ya saki. Rigar ta zame daga kafaɗa. Ban ga lokacin da bel ya kama ta ba, na dai ji an fizge ni kamar akuya. Kafin Alhaji ya kashe inji, hannun riga ya tafi, kan yatsuna biyu sun bi shi. Mahaifiyarka ba ta yi kuka a gabana ba. Ta wanke rigar, ta yanke abin da ya rage, ta ɗinka wa ƙannenka taguwa. Har yau in na zo tasbihi da gaɓoɓin yatsu, hannun dama ba ya cika mini lissafi, sai na ara daga hagu.

Saboda haka, Rabe, ba a gyara da kayan ado. Tuɓe rigar ka rataye, ko da Sarki ne ya kira ka. Agogon nan da kake ji da shi, cire shi ka sa a aljihu. Babu wani abu wai shi dubawa kawai: in za ka taɓa inji, kashe shi, ka zare hular fulogi da hannunka, ka kawar da ita gefe. Inji mai hular fulogi a kai bai mutu ba, barci yake yi, juyi ɗaya ka yi masa da hannu sai ya farka. Kuma ka yi hattara da mai inji mai son taimako. Yawancin mutanenmu ba sa iya tsayawa su ga mutum yana aiki ba su sa hannu ba, kana can ƙasa sai ka ji ya ja igiya wai ya gani ko ya gyaru. Ka ba shi benci, ka ce ya zauna ya huta, ka gaishe shi da iyali har ka gama.

Na biyu a Ruwan Godiya ne, da damina. Wani Alhaji ya dawo daga aikin hajji da injin wuta, ana shirin walima, injin ya ƙi tashi. Na kwance, na wanke, na ɗaura. Ina cikin haka hadari ya taso, muka ja inji cikin zaure muka tura ƙyaure don feshi. Na ja igiya, ya tashi, ƙwan lantarki ya kawo haske da rana tsaka, Alhaji yana ta kabbara. Muka zauna muna sauraron muryar injin, ni ina jin daɗin kaina. Can sai na ji kaina yana sarawa, ga wani barci mai daɗi yana ɗibata. Na dubi Alhaji, na ga ya jingina da bango yana murmushi ba dalili. Wata kaza ce ta cece mu. Ta shigo fakewa tare da mu, sai na ga ta yi tangaɗi ta faɗi, ƙafafu sama. Na yunƙura in miƙe, gwiwoyina suka ƙi. Da rarrafe na kai bakin ƙofa na ture ƙyaure, na jawo Alhaji da ƙafa zuwa cikin ruwan sama. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Halan zauren ga akwai mutanen ɓoye?" Na ce a'a Alhaji, hayaƙin injinka ne. Bai yarda ba sai da aka yi wa zauren turare. A amalanke aka kai ni bakin hanya, na iso gida ina amai, mahaifiyarka ta zauna tana yi mini fifita tana kallona. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kada ka taɓa ta da inji a ɗaki rufe. Ko ruwa ake, ko sanyi, ko mai injin yana tsoron idon maƙwabta. Abin da ke kisa a hayaƙin nan ba shi da wari ba shi da launi, kuma ba ya sa mutum ihu, barci yake sa shi. Shi ya sa rumfata ba ta da bango ta fuska uku, ba don na rasa kuɗin bulo ba. In ka ji kanka ya fara sarawa kusa da inji mai tafiya, kada ka tsaya tunanin ko yunwa ce. Kashe shi, ka fita, ka fitar da duk wanda ke tare da kai.

Na uku kuwa shi ne mai gaba ɗaya, shi ya haifi bokitin.

Fetur ya yi arha a lokacin har ba ma ganin girmansa. Da shi muke wanke hannu, da shi muke wanke kayan inji a buɗaɗɗen kwano, da baki muke zuƙo shi ta tiyo. Ni kuma da wayona sai na gano cewa babu abin da ya kai buta daɗin zuba mai a ƙaramin tanki. Bakinta siriri ne, ba ta zubarwa, ba ka bukatar mazurari. Na ware buta guda ina zuba fetur a ciki, ina ajiye ta gindin turken rumfa, har ina nuna wa sauran masu gyara dabarata. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa a ƙasar nan duk wanda ya ga buta a gindin rumfa ba ya tambaya, ɗauka yake yi.

Ranar kasuwar Ƙanƙara kakanka Malam Ummaru, mahaifin mahaifiyarka, ya zo daga Mabai sayar da gero. Azahar ta yi, ya biyo ta rumfata. Na durƙusa na gaishe shi, na ruga in samo masa tabarma mai kyau. Kafin in dawo ya ɗauki buta ya tsuguna. Mura yake yi, hancinsa a toshe. Ya wanke hannu, ya ji sanyi, ya ce ruwan randa ne. Ya kai baki. Daga nesa na ji salatinsa, na ga ya furzar, ya yi jifa da butar iya ƙarfinsa. Ta faɗi daidai murhun mai ƙosai.

Rabe, ban taɓa ganin abu mai sauri irin wannan ba. Wutar ta taso daga murhu ta biyo layin da fetur ya zuba a ƙasa, ta dawo wurin tsohon, ta kama gefen rigarsa. Mutane suka yi abin da suka sani, suka kawo ruwa. Mai shayi ya watsa nasa, 'yan ga-ruwa suka juye garwa. Wutar ta hau kan ruwan ta yi tafiyarta, ta nufi rumfunan zana inda masu tufafi suke. Ni kuwa ban ga komai ba sai surukina yana ƙoƙarin gudu da wuta a jiki. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, na yi tsalle na rungume shi na kayar da shi ƙasa a tsakiyar kasuwa, na lulluɓe shi da buhu ina birgima da shi. Allah Ya taimake mu, wani yana ginin shago a gefe, an jibge masa tulin yashi. Na yi ihu na ce a bar ruwa, a kawo yashi. Da hula, da kwano, da faranti, da hannu, aka yi ta watsawa. Inda yashi ya sauka wuta ta mutu nan take. Ta tsaya saura taki kaɗan ta kai zanar farko.

Kakanka ya tashi da rabin gemu. Ni na tashi da wannan tabon na damtse da kake gani. Ya dube ni, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Isiyaku, ashe kana da ƙarfi haka? Da na sani da kai nika kai wa gona, ba rumfa ba." Kasuwa ta fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

A gida babu dariya. Lokacin ka gama firamare kenan, kana can Mabai kana taya su noma, kuma kowa ya san rumfa kake so. Mahaifiyarka ta jira na ci abinci, ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, na yi shiru da yatsunka, naka ne. Na yi shiru da aka ɗauko ka a amalanke. Yau ubana ka kusa ƙonewa. To ka ji da kyau, ɗana ba za shi rumfar ga ba. Ya yi noma, ya yi kiwo, ko mi ya yi, ban da inji."

Gaskiya ta faɗa. Amma na san kai, na san ko an hana ka za ka je wurin wani ka koya, wanda bai ƙone ba tukuna balle ya san abin tsoro. Na ce mata, "Ki ba ni shi aro. Ranar da zai tashi ya kafa tasa rumfar zan kawo miki shi ki duba da idonki. In kika ga tabon wuta, ko gaɓa ɗaya ta ragu, na ajiye sifana har abada, in koma gona." Ta daɗe tana kallon hannuna na dama. Sannan ta ce, "Allah shina ji." Da wannan ta tashi.

Washegari na fasa butar da guduma. Na sayi galan na shafa masa jan fenti, na haƙa masa rami a inuwa can bayan rumfa, nesa da wurin aiki. Na sayi buta sabuwa na rataye ta a kan turke, ba abin da ke shiga cikinta sai ruwa. Na sayi bokiti, shi ma na shafa masa ja, na cika shi da yashi, na ajiye inda hannu zai kai ba sai an duba ba. Na hana shan taba a rumfata, har wani ma'aikacin gwamnati ya yi fushi ya tura babur ɗinsa ya tafi. Na sa mai ƙosai ta matsa can gaba, muka yi wata guda ba ta gaishe ni.

Ga sauran, ka san su, amma a rubuce sun fi zama. Fetur ba ya shiga buta, ba ya shiga kwalbar lemo, ba ya shiga duk wani abin da baki ya saba da shi. Ba a zuƙo shi da baki. In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, kada a sa shi amai da manja ko madara, a tafi asibiti. Ba a ƙara wa inji mai yana tafiya, ba a ƙara masa yana da zafi, a bar shi ya huce ko da mai shi yana tsalle. In za ka gwada wutar fulogi, rufe tanki, ka goge abin da ya zube, ka kawar da kwanon wanki, don tartsatsi ɗaya ya isa. Kayan inji da kananzir ake wankewa, hannu kuma da sabulu. Tsummokaran da suka sha mai a sa su a gwangwani mai murfi, kada a tara su a lungu. Wutar fetur yashi ne maganinta. Amma in fatar mutum ce ta ƙone, bayan an kashe wutar, ita ruwan sanyi take so da yawa, ba baƙin mai ba, ba toka ba, duk abin da tsofaffin wurin za su ce maka.

Ka ga irin dariyar da aka yi mini. Sarkin kasuwa da farko cewa ya yi a tashi masu gyara duka daga cikin kasuwa, sai da kakanka da rabin gemunsa ya je ya roƙa. Abokan sana'a suka sa mini suna Mai-yashi. In na wuce sai wani ya ce, "Malam, gini za a yi ne?" In na hana zuba mai a inji mai zafi, sai a ce tsoro ya kama Isiyaku, wuta ta cinye masa zuciya. Na haɗiye. Duk wanda na gyara wa injin niƙa, ba na barin wurin sai na ga ya ajiye bokitin yashi, wasu don kunyata kawai suke ajiyewa.

To sai ga kakar auduga a Yankara. Alhaji Barau ɗin nan dai, wanda bel ɗinsa ya ci yatsuna, ƙaninsa ya ga layi ya yi tsawo, ya ce ba zai kashe inji ba, ya tuntsura galan a tanki yana tafiya. Man ya zubo kan salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi. Wuta ta tashi har rufin kwano, ga buhunan auduga jibge a bayan shagon, ga iska. Alhaji ya ce shi bai san lokacin da ya suri bokitin ba, wanda ya ajiye don kada in yi masa mita. Ya juye shi, maƙwabcinsa mai faci ya kawo nasa, na gaba ya kawo nasa. Kafin masu ruwa su iso an gama. Ko buhu ɗaya bai ƙone ba, ƙanin nasa gira kawai ya rasa.

Alhaji Barau da kansa ya hau babur ya zo Ƙanƙara. Ya tsaya a gaban rumfata, a gaban masu yi mini dariya, ya ɗaga murya ya ce, "Ina Mai-yashi? Hito in gode maka! Wallahi da ba don Allah ba da bokitinka, da yau Yankara ba kasuwa." Ya kawo mini rago. Ban ɓoye maka ba, ranar na ji daɗi har cikin ƙashina, na taka zuwa gida kamar an naɗa ni sarauta. Sarkin kasuwar da ya so ya kore mu shi ya sa aka yi shela, duk mai taɓa fetur ya ajiye yashi. Yau ka bi daga nan har Faskari ka duba rumfunan masu gyara, za ka ga jan bokiti. Sunan da aka sa mini don tsiya, yanzu in an kira ni da shi har juyowa nake da fara'a.

Amma duk wannan ba shi ne nasarata ba. Nasarata ita ce safiyar da za ka tafi. Ka tuna mahaifiyarka ta kira ka ɗaki ta ce ka miƙo hannu, kai kana dariya kana cewa mota za ta tashi? Ba sallama take yi ba. Dubawa take. Ta juya tafin, ta juya bayan, ta bi yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, ta ture hannun rigarka har damtse. Ni ina tsaye a tsakar gida kamar mai jiran hukuncin alƙali. Da ka fita ta leƙo ta ce, "Malam, ka cika." Shekarun nan duka da na yi ina yi maka tsawa, ina ƙwace galan daga hannunka, kana ganin na cika takura, wannan kalmar nake nema. Na same ta, alhamdu lillahi. Na koyar da ɗana sana'ar da ta ci yatsuna, ya fi ni iyawa, kunnensa ya fi nawa jin ciwon inji, kuma ya fita da hannuwansa yadda uwarsa ta haife su.

Sai dai alkawarina a bakin zaure ya ƙare. Daga nan zuwa Sabuwa idona ba ya kaiwa. Can ba wanda zai ƙwace maka galan, kai ne babba, kuma hannunka yana da sauri, ga ka da son a yabe ka, irin na ubanka. Masu inji za su zo suna gaggawa, za su ce dubawa kawai. Ranar da ka ji kunyar cewa a jira, ka tuna ni ma kunyar nan na ji a Yankara.

Da na ce wa mahaifiyarka mantuwa ka yi, sai ta saka mayafi, ta ɗauki bokitin, ta juye tsohon yashin da ke ciki, ta tafi rafi da ƙafarta. Ta dawo da shi a ka, cike fal, ta tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo don kada a sami tsakuwa. Na ce, "Haba, sai ka ce Sabuwa ba su da yashi? Ki aika da bokitin kawai mana, direba zai yi mita." Ta ce, "Na san suna da shi. Amma wanga ni na ɗebo. In ya iya zubarwa, ya zubar."

To ga shi nan ya iso. Ka ajiye shi inda hannu zai kai, ka bar samari su yi dariyarsu, ni ma an yi mini.

Allah Ya tsare ka daga wuta da ƙarfe da gaggawa. Allah Ya tsare duk wanda zai zauna a bencinka. Ya sa albarka a sana'arka, Ya ba ka halal mai yawa, Ya sa bokitin nan ya tsufa ba a taɓa juye shi ba. Ka riƙe salla a kan lokaci, da butar da ka tabbata ruwa ne a cikinta. Ka gaishe da masu masaukinka da kyau. Muna sa ran ganinka da Babbar Salla in Allah Ya kai mu, kuma kada ka wahalar da kanka da tsaraba. Mahaifiyarka ta ce abin da za ka kawo mata hannuwanka ne, kuma tana da hanyar dubawa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Isiyaku Mai-yashi, Ƙanƙara.